Gayauna da Akuya: Yadda Yaro Ke Zama Ɗan Gida a Gidan Manoma

Jawabin kwamitin iyaye mata a bikin cikar ƙungiyarmu shekara 15 da kafuwa

 



Da farko muna gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana. Waɗanda aka fara tafiyar nan da su sun san daga inda aka taso. Adashi ne kawai na ranar kasuwa, ana haɗuwa a tsakar gidan ɗaya daga cikinmu, kowace ta zo da ɗan abin da ta ƙulle a bakin zane. Yau ga shi muna da rajista, muna da asusu a banki, muna da tukwanen turara shinkafa namu na kanmu, muna sayen shanshera a dunƙule a lokacin kaka maimakon kowace ta je ta ci bashi a hannun ɗan kasuwa. Wasu daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar sun riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu, ya sa aljanna ce makomarsu, ya albarkaci abin da suka bari.

Ma'aji ta riga ta karanto muku lissafin kuɗi, sakatariya ta karanto ayyukan shekara, don haka ba za mu maimaita ba. Mu kwamitin iyaye mata, abin da aka ɗora mana shi ne mu yi magana a kan yaran da ke tasowa a gidajenmu, 'yan shekara 13 zuwa 18, waɗanda sun wuce a goya su, ba su kuma kai a ce sun tsaya da ƙafarsu ba. Ku dubi bayan taron nan, ga su nan. Su ne suka share filin nan da asuba, su ne suka ɗebo ruwan da aka dafa abincin da za mu ci. Amma a littafin ƙungiya babu sunan ko ɗaya daga cikinsu. Wannan shi ne abin da ya tsaya mana a rai, shi muka zo mu tattauna da ku.

Kuma idan mun ce 'ya'yanmu, kada kowace ta tuna da wanda ta haifa kaɗai. A gidajen karkarar nan akwai ɗan riƙo, akwai agola da uwarsa ta shigo da shi, akwai maraya, akwai almajirin da ya dawo gida bayan shekaru ya tarar ƙannensa ba su ma san shi sosai ba. A 'yan shekarun nan kuma an ƙaru da wasu baƙi: yaran 'yan uwanmu da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Zamfara da Katsina, kamar yadda a baya wasu suka zo daga Borno da Yobe. Duk waɗannan suna kwana a ɗakunanmu, suna ci daga tukunyarmu. Tambayar ita ce, su a ransu suna jin nan gidansu ne, ko kuwa suna jin zaman jira suke yi?

Kakanninmu suna da hanyar da suke amsa wannan tambaya, kuma ba da baki suke amsawa ba, da ƙasa suke amsawa. Iyayenmu maza da ke nan sun fi mu sanin gandu. Maigida da 'ya'yansa maza, wani lokaci har da ƙannensa, suna noma gonar gandu tare tun daga safe har rana ta take. Abin da aka samu a zuba a rumbun gida, daga nan kowa ke ci. Maigida ne ke sayen fartanya da garma, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa saurayi auren fari. To amma da zarar yaro ya fara ƙarfi, sai a yankar masa gayauna, ɗan fili nasa na kansa. Da yamma, ko a ranakun da ba a zuwa gandu, can yake tafiya. Ya shuka gyaɗa ko wake ko rogo, abin da ya ga dama. In ya girbe nasa ne, ya sayar ya ɗinka rigar salla, ya sayi tunkiya, ko ya tara na keke.

Ku duba hikimar da ke cikin wannan. A gandu yaro yana koyon biyayya da aiki tare da jama'a. A gayauna kuwa yana koyon shawara da kansa: in ya yi sakaci ciyawa ta cinye masa shuka, babu wanda zai zarga, in kuma ya yi ƙoƙari, kowa zai wuce ya ce gonar wane ta yi kyau. Ranar da aka nuna wa yaro iyakar gayaunarsa, aka ce daga wannan kargo zuwa waccan shuri naka ne, ranar ce aka gaya masa cewa shi ma mutum ne a gidan nan.

'Ya mace ma ba a bar ta haka ba. Tana tashi a gindin turmi da murhu, tana koyon surfe da sussuka da shiƙa, tana roron wake, tana tsinkar gyaɗa, tana kala bayan girbi, kuma abin da ta kalato nata ne. Kaka ko goggo takan ba ta kaza, kazar ta yi 'ya'ya a sayar a sayi akuya, akuyar ta hayayyafa, har ranar da za a kai ta ɗaki a ce wannan kwano da wancan tasa daga dabbobinta suka fito. Riƙo shi ma tsohon abu ne a wurinmu. Wata dattijuwa Bahaushiya da aka fi sani da Baba ta Karo ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta a shekarun 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954. Ita Baba Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi ta raine su kamar nata. Wato tun zamanin da ba a san mota a ƙauye ba, Bahaushe ya san ɗa na kowa ne.

To me ya canza? Abubuwa da yawa, kuma wasunsu alheri ne. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya biyo magudanai ya iso Kadawa da Kura da Bunkure, noma ya zama na rani da damina. Shinkafa, alkama, tumatir, albasa, masara, ba a rasa abin yi a gona duk shekara. Mu mata ma da wannan ruwan muka samu sana'ar turara shinkafa da ta riƙe gidaje da yawa. Alhamdu lillahi.

Sai dai noman ya zama na kuɗi. Taki kuɗi, iri kuɗi, maganin feshi kuɗi, hayar tarakta kuɗi, lebura kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mai ban ruwa da inji ya san abin da ake ciki. Ga gonaki kuma suna ta ƙanƙancewa: gonar da kaka ya noma shi kaɗai, an raba ta tsakanin 'ya'ya, 'ya'yan sun raba tsakanin jikoki, har ta kai wani gadonsa bai fi 'yan kunyoyi ba. Cikin wannan matsi gandu ya watse a gidaje da yawa, gayauna kuma ita ce ta fara tafiya. Maigida zai ce, ni ma eka ɗaya ce da ni, me zan yanka wa yaro?

Sakamakon muna ganinsa da idonmu. Saurayi ɗan shekara 16 yana yini a gonar ubansa ba ko sisi, abokinsa kuwa ya dawo daga Abuja ko Legas da waya da sabon takalmi. Da kaka ta wuce sai ya ɗauki jaka ya tafi ci-rani, wani ya dawo da damina, wani sai dai a ji labarinsa a waya, wani kuma ya dawo da shaye-shayen da bai tafi da su ba. Yarinya kuma sai wata dillaliya ta zo da daɗin baki, a ɗauke ta a kai ta aikatau birni, gidan da uwarta ba ta taɓa gani ba, kuɗin aikin ma a hannun dillaliyar yake bi. Wallahi iyayenmu, yaran nan ba ƙin noma suke yi ba. Abin da suke gudu shi ne wahalar da ba su ga rabonsu a cikinta ba.

Bari mu ba ku labarin wata yarinya a gidan ɗaya daga cikin mambobinmu. Ba za mu faɗi suna ba, ita da mai riƙonta sun yarda a ba da labarin amma ban da suna. Tana da shekara 14 mahaifinta ya rasu, aka kawo ta gidan kawunta. Ba a dukanta, ba a hana ta abinci, kayan salla ma tare aka ɗinka musu da 'yan gidan. Amma yarinyar nan ta yi wata da watanni ba ta dariya. In an zuba abinci sai ta ja kwanonta ta koma bayan rumbu. In an ce wa zai je kaza, ita ce ta farkon tashi, kamar mai biyan kuɗin haya da aiki. Kayanta ma ba ta taɓa fitar da su daga jakar da ta zo da ita ba.

Matar kawun, wato 'yar uwarmu a ƙungiya, ta lura da wannan. Sai ran nan akuyarta ta haifi tagwaye. Da aka yaye su, ta kira yarinyar a gaban kowa, ta damƙa mata igiyar macen, ta ce, "Wannan taki ce. Ki nema mata harawa, ki nema mata dusa, in ta mutu asararki, in ta haihu ribarki." Bayan nan ta roƙi maigida ya bar wa yarinyar wani lungu a bayan gida, ta shuka yakuwa da kuɓewa, ta dasa zogale a jikin danga. Ranar turara kuma ta daina aikenta ɗebo ruwa kawai, ta zaunar da ita ta nuna mata aikin daga tushe: yadda ake wanke shanshera a kwashe ƙaiƙayin da ya taso sama, yadda ake jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana, yadda ake turarawa har ɓawon ya fara tsagewa, da yadda ake shanya ta a riƙa juyawa don kada rana ta yi mata yawa ta kakkarye a inji.

Muka tambayi yarinyar, yaushe kika fara jin nan gidanku ne? Mun zaci za ta ce ranar da aka ba ta akuya. Sai ta ce a'a. Ta ce ranar da ta bar shanya ta tafi hira, kaji suka yi ɓarna, Inna ta yi mata faɗa sosai, irin faɗan da take yi wa 'ya'yan cikinta. Ta ce, "Da can ba ta yi mini faɗa, lallaɓa ni take yi kamar baƙuwa. Ranar na yi kuka, amma da dare na kwance jakata na jera kayana a akwati." Yanzu haka yarinyar tana babbar sakandare, awakinta sun zama uku, kuma ita ce ke rubuta wa Innarta lissafin buhunan da suka shiga da waɗanda suka fita.

Abin da muka ɗauka daga wannan labari abu uku ne. Yaro yana bukatar abin da zai nuna ya ce nawa ne. Yana bukatar a koya masa sana'a gaba ɗayanta, ba ɓangaren wahalar kawai ba. Kuma yana bukatar a riƙe shi da hannu ɗaya da sauran yaran gida, a daɗi da a faɗa. A wasu gidaje ɗan riƙo shi ne jakin gida, shi ne ɗebo ruwa, shi ne kiwo, 'yan gida suna makaranta shi yana gona. A wasu gidajen kuma ana tsoron a ce masa uffan don kada dangi su yi magana. Duka biyun saƙo ɗaya suke isar masa: kai ba namu ba ne.

Saboda haka kwamitinmu ya zauna sau da yawa, ya tuntuɓi malamai da malaman gona da wasu daga cikin yaran kansu, ya fito da shawarwari guda shida da muke so babban taro ya duba.

Na ɗaya, a buɗe reshen matasa a cikin ƙungiya, na 'yan shekara 14 zuwa 18, da yardar iyaye ko masu riƙo. A rubuta sunansu a littafi na daban, a ba kowa kati, su yi ɗan adashinsu daidai ƙarfinsu, su zaɓi shugaba da ma'aji a cikinsu, iyaye mata biyu su riƙa zama da su. Ba za a ba su rance ba sai sun kai 18, amma za su koyi yadda ake zama taro, yadda ake rubuta shiga da fita, da yadda ake riƙe amanar kuɗin jama'a.

Na biyu, akuyar juyi. Maƙwabtanmu Fulani suna da wata al'ada da suke kira habbanaye: mai dabba ya ba wanda ba shi da ita aron mace, ta haihu a hannunsa, ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. Mu ma za mu iya yin irin wannan. Ƙungiya ta sayi jajayen awaki mata, irin na Sakkwato da Maraɗi da muka saba da su, a ba yarinya ko yaro guda ɗaya. Cikin akuya wata biyar ne, kuma wannan iri sukan yi tagwaye. 'Yar akuya mace ta farko da aka yaye sai a dawo da ita ƙungiya a ba wani yaron, sauran duk na mai kiwo ne. Sharaɗi shi ne a yi musu allurar rigakafi wurin malamin dabbobi, kuma babu uba ko uwa ko mai riƙo da zai kama akuyar yaro ya kai kasuwa ba da yardarsa ba. Wannan sharaɗin a rubuce muke so a yi shi, a gaban Dagaci.

Na uku, muna roƙon iyayenmu maza, cikin ladabi, a dawo da gayauna. Mun san ƙasa ta yi kaɗan. Ba eka muke nema ba. Ko kunya goma ce a gefen gona, ko bakin magudana, ko kangon bayan gida, a nuna wa yaro a ce nan naka ne. Wake ba ya cin taki da yawa, yana ma ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsa kuma ga akuya. Mu ma mata masu gonar gado da muka ba da haya ko muka bar wa 'yan uwa, mu ware wani yanki mu ba 'ya'yanmu. Idan yaro ya girbe wakensa, ƙungiya za ta ba shi buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi: leda biyu a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowanne daban, iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da an zuba magani ba. Sai ya ajiye har farashi ya tashi, maimakon ya zubar da shi da arha a lokacin kaka.

Na huɗu, makaranta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro a Najeriya karatun shekara tara, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Duk abin da muka lissafa a sama, babu wanda za a yi a lokacin aji ko lokacin Islamiyya. Yaron da aka ga ya daina zuwa makaranta saboda akuya ko gayauna, kwamiti zai je gidan ya ji dalili. Noman yanzu ma sai da karatu. Wanda bai iya karanta abin da aka rubuta a jikin kwalbar magani ba, bai iya lissafin abin da ya kashe da abin da ya samu ba, ɗan kasuwa ne zai ci guminsa.

Na biyar, ladan aiki. Duk yarinyar da ta yi aiki a wurin turarar ƙungiya, ko shanya, ko tsince tsakuwa, a rubuta sunanta a biya ta daidai aikinta, rabi a hannu, rabi a asusunta na reshen matasa. Haka nan akwai ayyukan da muke so a hana yara kwata-kwata, na gaba a cikinsu shi ne feshin maganin ƙwari da na ciyawa. Muna ganin yara ƙanana da tankin feshi a baya, ba takalmi, ba safar hannu, ba abin rufe hanci, su gama su wanke hannu sama-sama su ci abinci. Guba ce fa. Haka kuma kwalbar maganin da ta ƙare, kada a bar yara su zuba ruwan sha ko mai a ciki.

Na shida, gadon marayu. Allah gafarta Malam yana nan, ya fi mu sani, in mun kauce ya gyara mana. Shari'a ta ba 'ya mace rabonta a gadon mahaifinta, rabin na ɗan uwanta namiji, kuma gona tana cikin abin da ake gada. Dukiyar maraya amana ce a hannun mai riƙo har ya yi hankali a miƙa masa. Muna roƙon duk wanda ke noma gonar maraya ya kai yaron ya nuna masa iyakokinta tun yanzu, a gaban shaidu, ya kuma riƙa ware masa wani abu daga amfanin. Yaron da ya san yana da ƙasa a garin nan, da wuya ya tafi ya manta da hanya.

Mun san akwai masu cewa, in aka ba yaro dukiya tun yana ƙarami zai raina na gaba da shi. Mun ji wannan magana, kuma ba mu raina ta ba. Amma ku tuna, iyayenmu da suka taso da gayauna ba su raina kakanninmu ba. Yaron da ya ɗanɗana yadda ake shan wuya kafin a samu kwano ɗaya na wake, shi ne zai fi ganin girman uban da ke cika rumbu duk shekara. Akwai kuma masu cewa, yarinya ai gidan wani za ta, me ya sa za a wahala? To gidan wanin da za ta, da me za ta shiga? Mu nan da muke zaune, wace ce a cikinmu ba ta san daɗin a ce ciwo ya kama yaro da dare, ta buɗe ƙullinta ta fito da kuɗin magani ba tare da ta jira kowa ba? Abin da muka samu da girma, muna so su samu da ƙuruciya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Maganar kuɗin farawa kuma, kwamiti ya ba da shawarar a ware wani kaso daga ribar turarar bana, babban taro ne zai yanke ko nawa. A fara da kaɗan, a fara da waɗanda suka fi bukata, wato marayu da 'yan riƙo da yaran da aka koro daga garuruwansu. Bayan shekara ɗaya a dawo nan a ba ku rahoto: awaki nawa aka raba, nawa suka haihu, nawa suka mutu, yara nawa ne har yanzu suke makaranta. In abin ya yi kyau a faɗaɗa, in akwai gyara a gyara.

Yanzu kuma gare ku 'ya'yanmu, ku matso ku ji. Duk abin da muka roƙa muku, da nauyi yake zuwa. Akuya ba ta san ranar salla ba, sai ta ci ta sha. Ciyawa ba ta jira a gama kallon waya. In an ba ki igiya, ki riƙe da kyau. In an nuna maka gayauna, ka sa a wuce a ce gonar wa ce wannan. In an yi muku faɗa kada ku ce don ba a haife ku a gidan ba ne, ku duba ku gani, wataƙila don an ɗauke ku 'yan gida ne. Idan kuma akwai wanda ake zalunta da gaske, ana hana shi abinci, ko ana hana ta makaranta, ko ana shirin tura ta aikatau ba da son ranta ba, ƙofar kowace uwa a wannan kwamiti a buɗe take. Ku zo ku faɗa mana, za mu bi abin a hankali, ba tare da tonon asiri ba. Hausawa na cewa noma na duƙe tsohon ciniki, kowa ya zo duniya shi ya tarar. Kada wani ya sa ku ji kunyar cewa ku 'ya'yan manoma ne. Shinkafar da ake ci a manyan gidajen birni, da yawa daga cikinta ta hannun iyayenku mata ta bi.

'Yan uwa mambobi, sakatariya za ta raba takardar waɗannan shawarwari shida kafin a tashi. Wadda ba ta karatun boko, an rubuta da ajami a bayan takardar, ko kuma ta sa 'yarta ta karanta mata, hakan ma ya fi, don yarinyar ta ji abin da ake shirya mata. Ku kai gida ku yi shawara da mazajenku. A taron wata mai zuwa za a kaɗa ƙuri'a a kan kowace shawara ɗaya bayan ɗaya, don haka muna roƙon kowa ta zo, kada a aiko da saƙo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

   Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mana amfanin gona daga fari da ambaliya da ƙwari. Allah ya kawo zaman lafiya a ƙasarmu, waɗanda aka raba da gidajensu ya mayar da su cikin aminci. Allah ya shirya mana zuri'a, waɗanda muka haifa da waɗanda aka ba mu amana, ya ba mu ikon yin adalci a tsakaninsu. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.